Ƙarfin Inji ko Jin Totur?

Duk wanda ya taɓa ganin samari suna wasan mota ranar ɗaukar amarya a Gusau, ya san abin da suke alfahari da shi, wato ƙarfin inji. Ni kuwa, da idon mai nazarin halittu, ina ganin sun saki reshe sun kama ganye.

Abu biyu ne a nan. Akwai ƙarfin murɗawa, wanda ke sa tayoyin baya su ƙwace daga kwalta, mota ta zame gefe. Shi ne kuma ke jan tirela da lodinta a hanyar Tsafe. Sa'an nan akwai jin totur, wato saurin da inji ke amsawa in an taka ko an saki. Na farko tamkar tsoka yake, na biyu kuwa jijiyar da ke kai mata saƙo. Bijimin huɗa a gonakin Bungudu ƙarfi gare shi, amma wa ya taɓa sukuwa da shi? Ba ya jin linzami.

Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda. In totur ya yi jinkirin rabin daƙiƙa, ta wuce mita 8 kafin ta bi umurnin direba, kuma sau da yawa a cikin wannan tazara 'yan biki suke tsaye. In kafireto ya toshe, ko wayar totur ta saki, ƙarin ƙarfi ba zai rage ko taku ɗaya daga ciki ba.

A Japan, inda wasan ya bunƙasa tun shekarun 1970, yau a killataccen fili ake gasarsa, 'yan kallo suna bayan shinge.