Ba Lalaci Ba Ne, Malam, Tsoro Ne

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce lalaci da camfi ne suka hana tsofaffin Taiwan masu ciwon toshewar huhu motsa jiki. Haba! Ka leƙa lambun Da'an da ke Taipei da asuba, ka ga dattawa jere suna motsa jiki irin na taici tun kafin rana ta fito. Waɗannan ne malalata?

Wanda ya taɓa hawa bene numfashinsa ya sarƙe, ya ji kamar an shaƙe masa wuya, ba zai so ya maimaita ba. Sai ya zauna, 'ya'yansa kuma, don tausayi, su ce Baba ya huta, kada ƙarfinsa ya ƙare. Nan gizo ke saƙa: zama na raunana tsokar ƙafa, raunanniyar tsoka kuwa ta fi cin iska, haki ya ƙaru. Ga hayaƙin masana'antun birnin Kaohsiung lokacin sanyi, wanda ko sau ɗaya ba ka ambata ba.

Tun 1995 tsofaffin nan suna da inshorar lafiya ta ƙasa. Ganin likita bai yi musu wuya ba. Abin da suke nema shi ne mai koya musu fitar da numfashi a hankali ta tsukakken baki, ya tsaya kusa da su har su yi tafiyar minti 6.