Idon da Ke Ganin Abin da Ya Ɓuya wa Jama'a

Tun shekarar 1943, lokacin da likita Leo Kanner ya bayyana halin wasu yara 11 a Amurka, aka fi kallon larurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, ta fuskar naƙasu kawai: wahalar magana, ƙyuyar cuɗanya da mutane, da nacewa kan abu guda. Wannan kallo bai cika ba.

A 1983, Amitta Shah da Uta Frith sun gwada yara a Ingila da zane-zanen da aka ɓoye ƙaramar siffa a cikin babba. Masu otizim sun fi takwarorinsu iya tsamo siffar, domin idonsu yakan fara sauka kan ƙananan sassa kafin ya haɗa hoton gaba ɗaya. Da irin wannan ido ne Temple Grandin ta lura cewa inuwa, ko ƙyallin ruwa, ko sarƙar da ke lilo, su ke sa shanu turjewa a mashiga, har ta sauya tsarin mayanka da dama a Amurka.

Binciken tagwaye ya tabbatar da cewa gado yana da babban hannu a otizim. To, me ya sa waɗannan ƙwayoyin gado ba su ɓace ba cikin dubban shekaru? Wasu masana, irin su Penny Spikins ta Jami'ar York, suna ganin cewa mutanen da, masu rayuwa kan farauta da tsintar 'ya'yan itace, sun amfana da mai iya gano sawun dabba a busasshiyar ƙasa, ko bambance ganye mai guba da mai ciyuwa, ko jure sassaƙa dutse yini guda.

Wannan fa hasashe ne, domin ƙasusuwan mutanen da ba sa nuna halayyarsu. Haka kuma ba kowane mai otizim ke da wata baiwa ta daban ba; da yawa suna bukatar kulawa tsawon rayuwarsu, kuma mutuncinsu bai rataya ga baiwa ba.

Duk da haka, akwai aiki a gaban malamai. Ɗalibin da ba ya haɗa ido da mutane, amma yake hango kuskure a taswira kafin kowa, bai cancanci bulala ko sunan dolo ba, balle a ce aljanu ne suka shafe shi. A koyar da shi da hotuna da zane, a rage masa hayaniyar aji, a kuma shawarci iyayensa su kai shi ga likita.