Ƙwarya-ƙwaryar kasafin kuɗi: ba a fafe gora ranar tafiya

Duk shekarar da aka yi babban zaɓe a ƙasar nan ta Gana, akwai wasu maƙudan kuɗi da Majalisar Dokoki ke amincewa a kashe ba tare da talaka ya ji bayaninsu yadda ya kamata ba. Su ne kuɗin da ake tafiyar da gwamnati da su daga watan Janairu zuwa ƙarshen Maris, kafin sabuwar gwamnati ta kawo cikakken kasafin shekara. Ni a ganina, yadda ake wucewa da wannan ƙwarya-ƙwaryar kasafi a gurguje abu ne da bai kamata mu ci gaba da yin shiru a kansa ba.

Dalilin yin sa a fili yake. Dokar kula da kuɗin gwamnati ta 2016 ta ce a kai kasafin shekara mai zuwa gaban Majalisa zuwa 15 ga Nuwamba. To amma a shekarar zaɓe ana kaɗa ƙuri'a ranar 7 ga Disamba, a rantsar da shugaban ƙasa ranar 7 ga Janairu, kuma ba adalci ba ne gwamnati mai barin gado ta ɗaure wa mai zuwa hannu na tsawon shekara guda. Shi ya sa ake komawa ga sashe na 180 na tsarin mulkin 1992, wanda ya bai wa shugaban ƙasa damar cirar kuɗi daga baitulmali don ayyukan gwamnati su ci gaba, na tsawon wata uku ko zuwa ranar da dokar kasafi ta fara aiki, duk wanda ya riga zuwa. Sai dai sashen ya gindaya sharaɗi: sai Majalisa ta amince tukuna. A Nijeriya sashe na 82 ya ba da har wata shida, kuma bai ce a jira ƙudurin majalisa ba. Ke nan namu tsarin ya ba wakilanmu wuƙa da nama. Tambayar ita ce, me suke yi da su?

A 2016 Minista Seth Terkper ya kai buƙatar a watan Oktoba. A 2020 ma Ken Ofori-Atta ya kai tasa a Oktoba, ta Sidi biliyan 27.4. Ko ba komai, akwai sauran lokaci. A 2024 kuwa abin ya sha bamban. Rigimar kujeru huɗu da Kakakin Majalisa Alban Bagbin ya ce babu kowa a kansu ta tsayar da zama, har ta kai ga Kotun Ƙoli. Aka yi zaɓe, Disamba ta ƙare, ba a amince da ko sisin kwabo ba. Sai ranar 2 ga Janairu 2025 Minista Mohammed Amin Adam ya gabatar da buƙatar Sidi biliyan 68.1, kuma a daren ranar aka amince, saura kwana huɗu wa'adin Majalisar ya cika.

Don Allah a duba wannan da idon basira. Wane ɗan majalisa ne zai iya bin diddigin biliyan 68 tsakanin hantsi da lisha? Sama da biliyan 20 a ciki na biyan kuɗin ruwan bashi ne, sama da biliyan 16 na albashi, a ƙasar da ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje a Disamba 2022 har ta nemi agajin IMF. Irin wannan lissafi yana bukatar a zaunar da minista a tambaye shi: wa za a biya, nawa, kuma me ya sa ba zai jira Maris ba? Amma idan an riga an shiga sabuwar shekara, duk wanda ya ɗaga hannu zai yi tambaya sai a ce shi ne ke son hana malaman makaranta da ma'aikatan asibiti albashi. Da wannan barazanar ake rufe bakin kowa, kuma kowace jam'iyya ta iya amfani da ita idan ta samu dama.

Akwai kuma wani abin da ya fi damuna. Gwamnati mai tafiya ce ke rubuta buƙatar, Majalisa mai tafiya ce ke amincewa, da yawa daga cikin 'ya'yanta ma sun riga sun faɗi zaɓe, sannan sabuwar gwamnati ce ke kashe kuɗin. Idan an samu ɓaraka, wannan ya ce ba ni na kashe ba, wancan ya ce ba ni na rubuta ba. Ranar 11 ga Maris 2025 da Cassiel Ato Forson ya karanta cikakken kasafi, hankalin kowa ya koma kan harajin da za a soke, musamman na tura kuɗi ta waya. Mu kanmu 'yan rediyo a nan muka fi ba da ƙarfi, domin shi ne abin da masu sauraro a zangunanmu ke bugo waya a kai. Lissafin wata ukun farko ya narke cikin na shekara.

Wasu za su ce ai kuɗin tafiyar da aiki ne kawai, babu sabon aiki a ciki, don haka ba sai an ja dogon zance ba. To ta yaya za a tabbatar babu, in ba a karanta ba? Ƙarshen mulki shi ne lokacin da 'yan kwangila ke cika ofisoshi suna neman a biya su tsohon bashi kafin nasu su sauka.

Abin da nake kira a yi ba mai wuya ba ne. A sanya rana cikin doka, a ce dole buƙatar ta isa Majalisa kafin ƙarshen Oktoba a shekarar zaɓe, tun ba a san wa zai ci ba, lokacin da kowane ɓangare ke da dalilin tsayawa ya duba. Kwamitin kuɗi ya yi zamansa a bainar jama'a, a watsa a rediyo. Sannan sabon ministan kuɗi ya zo da lissafin wata ukun daban, ma'aikata bayan ma'aikata, kafin a fara muhawara kan kasafin shekara. Zaɓe na gaba sai Disamba 2028, kuma Majalisar da aka rantsar a Janairu 2025 ce za a kawo wa buƙatar.