Dandalin Kwamfuta: Idan Muryar Laftof Ta Dishe, Kada Mu Yi Saurin Sayen Lasifika

Tambayar wannan makon ta fito ne daga wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare a Kurya Madaro, ƙaramar hukumar Kaura Namoda. Ta ce laftof ɗin yayanta, wadda take sauraren darussan furucin Turanci a kanta, ta fara wata ƙara kamar an jefa ƙosai a mai, kuma wani mai gyara ya ce a kawo kuɗin sabuwar lasifika tun bai kunna ta ba.

Matsalar ba ƙarama ba ce ga mai shirin WAEC. Takardar furuci tana son kunnen da ya saba raba "pan" da "fan", ko "ship" da "sheep", kuma mun san yadda waɗannan suke ba mu wuya mu Hausawa. Haka mai koyon tajwidi yake buƙatar jin bambancin sinun da sadun. Sauti mai tsatsa ba zai koya mana wannan ba. Ga kuma wanda yake Zurmi ko Shinkafi, kai kwamfuta gyara Kaura ko Gusau yana nufin kuɗin mota, ga halin da hanyoyinmu suke ciki. Saboda haka gara mu gano ciwon a gida tukuna. Duk matakan da za mu kawo ba sa cin data ko kaɗan.

Da farko mu san yadda sautin yake fitowa. Kwamfuta tana ajiye murya ne a matsayin lambobi. A ma'aunin faifan CD, lambobi 44,100 ne a kowace daƙiƙa ga kowane kunne. Wani ɗan guntun sashe a cikinta yana mayar da lambobin su zama wutar lantarki, wutar ta shiga lasifika. A cikin lasifikar akwai maganaɗisu da siririyar waya da wata 'yar fata mai karkarwa kamar ta kalangu. Ashe ke nan wuri uku ne ciwon zai iya zama: manhaja, ko wuta, ko lasifikar kanta.

Mataki na ɗaya, mu kunna wani fayil daban. Sau da yawa darasin da aka yi ta turawa daga waya zuwa waya shi ne ya zo da tsatsarsa. Idan kowane fayil yana ƙarar, sai mu sa iyafis. In muryar ta fito tas a iyafis, mafi yawa ciwon yana wajen lasifika. In har a iyafis ma ana jin ƙarar, sai mu fi zargin wuta ko manhaja, kuma sayen sabuwar lasifika asara ce kawai.

Mataki na biyu, mu cire caja alhali sautin yana tafiya. Idan ƙugin nan mai "zuuu" ya ɗauke nan take, to wutar ce. Ƙaramin janareta, da inbata mai araha ta sola, da cajar da ba ta asali ba, duk suna iya shigo da wannan ƙugi. Maganinsa a yi caji, a cire, a saurara da batir, ko a samo caja mai kyau. Haka kuma mu matsar da wayar salula daga jikin kwamfutar, don idan kira zai shigo tana sa lasifika ta yi ta "dit-dit-dit".

Mataki na uku shi ne ƙarfin murya, kuma a nan yawancinmu muke da hannu. Manhajar VLC tana bari a ɗaga sauti ya wuce kashi 100. Lasifikar laftof kuwa ƙarama ce ƙwarai, idan aka tura mata abin da ya fi ƙarfinta sai muryar ta tsage, kamar rediyon da aka ƙure. In aka daɗe ana haka, fatar tana iya yagewa gaba ɗaya. Mu mayar da VLC ƙasa da 100, na kwamfutar kuma wajen kashi 70, mu sake saurara.

Mataki na huɗu, saitin Windows. Mu danna maɓallin Windows tare da R, mu rubuta mmsys.cpl, mu danna Enter. Za mu ga Speakers, mu danna shi sau biyu. Idan akwai shafin Enhancements, mu kashe duk ƙarin kwalliyar da ke ciki, domin ita ce take kumbura sauti har ya lalace. Daga nan mu shiga Advanced, mu zaɓi 16 bit, 44100 Hz, mu gwada. In bai yi ba, mu gwada 48000 Hz.

Mataki na biyar, direba, wato 'yar manhajar da take yi wa Windows tafinta da sashen sauti. Mu buɗe Device Manager, mu nemi layin da ya fara da Sound. A yawancin kwamfutoci za mu ga sunan Realtek. Mu danna shi da maɓallin dama, mu zaɓi Uninstall, amma kada mu taɓa ɗan akwatin da ke cewa a goge direban gaba ɗaya. Sai mu kashe kwamfutar mu kunna, Windows zai mayar da shi da kansa.

Mataki na shida ya fi shafar mu 'yan wannan yanki: ƙura da zafi. Ƙurar hunturu tana toshe hanyar iskar fanka, ga zafin Maris da Afrilu. Idan kwamfuta ta yi zafi tana rage gudu don kare kanta, sai sauti ya riƙa yankewa yana sarƙewa. Kada mu ɗora ta a kan katifa ko filo. A sa ta a kan tebur ko faranti. Mu danna Ctrl da Shift da Esc tare, mu ga manhajojin da suke cinye ƙarfinta, mu rufe waɗanda ba ma buƙata. Ramukan lasifika kuma a share su da busasshen buroshin haƙori mai laushi, bayan an kashe kwamfutar. Maganaɗisun yana jawo burbushin ƙarfe, musamman in ana ajiye ta kusa da shagon walda. Ban da allura, ban da ruwa.

Idan an yi duk wannan, iyafis yana fita tas amma lasifika tana kaɗawa ko a ƙaramar murya, to ta yage ne. A nan ne za a je wurin mai gyara, kuma a ce ya gwada a gabanmu kafin a biya. Wanda bai da kuɗin yanzu, iyafis ko ƙaramar lasifikar waje ta ishe shi har ya gama jarrabawa. Sai dai a kula da kunne: Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada ƙarfin sauti ya wuce kashi 60 na iyakarsa. Lasifika ana sayenta a kasuwa, kunne kuwa babu.

Gargaɗi na ƙarshe: idan muka ga allon maɓallai ya tasa ko bayan kwamfutar ya kumbura, batir ne ya kumbura, kuma yana iya kama wuta. A cire caja, a daina amfani da ita, a kai wa masani. Kuma kada wani ya ɗauki sukudireba ya kwance kwamfutar yayansa ko ta makaranta ba da izini ba.

Wanda ya gwada waɗannan matakai ya rubuto mana wanne ne ya yi masa aiki, da sunan garinsu da ajinsa. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba dalilin da ya sa batirin laftof yake saurin mutuwa a lokacin zafi. Mu kasance lafiya.