Ƙwayoyin Cuta Sun Fara Raina Magani a Tambuwal da Kebbe

Sau da yawa majinyacin da aka kwantar a Babban Asibitin Tambuwal ko na Kebbe da ciwon sanyi ko miki mai ruwa ya riga ya sha Ampiclox ko Flagyl daga kemis, ko daga mai talla a kasuwa. Kwana biyu ya sha, zazzaɓi ya sauka, ya ajiye sauran. Ƙwayoyin cutar da suka tsira su ne ke hayayyafa, kuma maganin ba ya ƙara cin su.

Binciken da mujallar Lancet ta wallafa ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 suka rasu ta wannan hanya a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi shan wuya.

Mutumin Kuchi ko Dogon Daji ba kullum yake da kuɗin motar zuwa asibitin koyarwa na UDUTH a Sakkwato ba. Don haka ya kamata gwamnatin jiha ta tabbatar asibitocin Tambuwal da Kebbe suna iya gwajin gano ƙwayar cuta da maganin da ke kashe ta. Ya kamata kuma hukumar NAFDAC ta tsare masu tallar kafso a rana. Ku kuma jama'a, duk maganin da likita ya rubuta, a shanye shi kaf.