Nura: Sunan Namiji Ne Ko Na Mace?



Ya 'yan uwana matasa, kwanakin baya wani tsohon ɗalibina na Islamiyya ya tare ni bayan sallar La'asar a nan Gusau, fuskarsa ba walwala. Allah Ya azurta shi da 'ya mace, haihuwar fari, saura kwana uku suna, amma gida ya rabu biyu. Shi da maiɗakinsa sun daɗe da zaɓar sunan Nura, domin ta gani a intanet cewa ma'anarsa haske, kuma a jerin sunayen mata ta same shi. Mahaifiyarsa kuwa, wadda ta taso daga Tsafe don ganin jikarta, cewa ta yi: "Nura sunan maza na, ba a sa ma ɗiya mace shi ina raye." Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne wani abokinsa da ya ce masa wannan kamanceceniya da maza ce, wadda hadisi ya la'anci mai yin ta. Ya ce, "Malam, don Allah haramun ne?"

Na fara da cire masa wannan tsoro: ba haramun ba ne. Hadisin da Bukhari ya ruwaito a kan masu kwaikwayon ɗaya jinsin, malamai sun yi sharhinsa a kan tufafi da ado da salon magana da tafiya, abubuwan da baligi yake zaɓa da gangan. Jaririyar da ba ta cika mako ba, wa ta kwaikwaya? Mu ji tsoron Allah wajen gaggawar haramta abu, domin haramta halal ba ƙaramin laifi ba ne.

Sannan maiɗakinsa ba ta yi kuskuren karatu ba. A ƙasar Saudiyya Nura sunan mata ne sananne. Babbar jami'ar mata da ke Riyad, tun shekarar 2008 take ɗauke da sunan Gimbiya Nura bint Abdurrahman, 'yar uwar Sarki Abdul'aziz. Matar marigayi Sarki Husaini na Jodan, Sarauniya Nur ake ce mata. Amma ita ma tsohuwa tana da gaskiyarta. Nuran ƙasar Hausa daga Nuraddini aka yanko shi, kamar yadda aka yanko Shamsu daga Shamsuddini, shi ya sa duk Nuran da muka tashi muka sani, tun daga abokan makarantar allo har zuwa mawaƙi Nura M. Inuwa, maza ne. Lafazi ɗaya, hanyar isowa biyu.

Wasu daga cikin waɗanda suka ɗan taɓa Nahawu sukan ce a duba ƙarshen kalma: in akwai "ta" ɗin mata, to sunan mace ne. Wannan ma'auni ba ya kai mutum ko'ina. Ɗalha, ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, sunansa na wata bishiya ce mai ƙaya, dangin bagaruwa, kuma da wannan "ta" ya ƙare. Usama sunan zaki ne, shi ma haka. Hanzala, wanda ya yi shahada a Uhudu, sunansa na wani ɗan tsiro ne mai tsananin ɗaci. Ikrima kuwa, a ƙamus ɗin Larabci, macen tantabara ce, ga shi kuwa jarumi ne ya amsa shi. Abin da ya fi ba ɗalibaina mamaki duk lokacin da muka zo kansa shi ne wani maruwaicin Basra da ke cikin isnadin Bukhari da Muslim, Juwairiya ɗan Asma'u: shi namiji, Asma'un ma mahaifinsa ne, ba mahaifiya ba. Haka Hindu ɗan Abu Hala, ɗan Nana Khadija, namiji ne.

Ita kanta halittar da ake aro sunanta ba ta raba gardama. Rana mace ce a Larabci, mace ce a Hausa, amma ban taɓa jin yarinya mai suna Shamsu ba. Sai an ce Shamsiyya. Wata namiji ne a harsunan biyu, duk da haka muna da Kamaru muna da Kamariyya. Haske bai da jinsi, mutanen gari ne suke ajiye sunan a ɓangaren da suka saba.

Kakanninmu sun san wannan tun kafin intanet. Har yau a ƙauyukan Bunguɗu da Kwatarkwashi za ka ji dattawa masu laƙabin da aka ɗauko daga yanayin ranar haihuwarsu: Anaruwa, Nomau, Marka. Kuma inda suka ga za a rikice sai su sa alama, a ce Marka da Ɗanmarka, Azumi da Ɗan'azumi, Asabe da Ɗan'asabe. Ba littafi suka duba ba, sauƙi suke nema wa mai sunan.

Wannan sauƙin shi ne abin da nake gani a cikin Sunna. Manzon Allah (SAW) ya canja wa 'yar Sayyidina Umar suna daga wanda ke nufin mai saɓo zuwa Jamila, ya mayar da Barra Zainab. Ya kuma ba wani sahabi mai suna Hazn, wato ƙasa mai tsauri, shawarar ya koma Sahl, wato shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai sauƙi. Mutumin ya ƙi barin sunan da mahaifinsa ya sa masa, kuma jikansa, babban tabi'i Sa'idu ɗan Musayyib, ya faɗi cewa tsaurin bai rabu da zuriyarsu ba. Duk waɗannan canje-canje, amfanin mai ɗauke da sunan aka duba. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekarar 751 bayan Hijira, ya tattauna babin da faɗi a littafinsa Tuhfatul Maudud, inda ya tabbatar da cewa in iyaye sun saɓa, haƙƙin zaɓen suna na uba ne. Sai dai haƙƙi ne da aka ba shi domin 'yar, ba domin ya burge abokai ba.

Don haka ra'ayina, kuma ra'ayi ne ba fatawa ba, yarinyar da za ta girma tsakanin Gusau da Tsafe kada a sa mata Nura. Ku hango ta ranar farko a aji, malami ya kira suna, ta miƙe, yara su fashe da dariya. Ku hango ta tana cike takardar jarrabawa ko ta katin ɗan ƙasa, kullum sai ta yi bayanin cewa ita mace ce. Ban ma so in kawo zancen ranar da wani Nura zai zo neman aurenta, a rasa yadda za a rubuta katin gayyata! Da a Riyad ko Jidda za ta tashi, da ban ce uffan ba. Malaman fiƙihu sun sanya al'adar mutane cikin manyan ƙa'idojin da ake komawa gare su a inda nassi ya yi shiru, kuma al'adar inda yaro zai rayu ake nufi, ba ta inda aka rubuta jerin sunayen da ke cikin waya ba.

Na san al'ada tana motsi. Sunaye irin su Afnan, wato rassan bishiya, ba mu tashi da su ba, yanzu ga su a rajistar ajina. Irin waɗannan baƙi ne da ba su tarar da mai su a gari ba, don haka ban ga abin jayayya a kansu ba, matuƙar an tambayi masani ma'anarsu kafin a yanka rago. Nura kuwa ya tarar da masu shi.

Na shawarci ɗalibin nawa da Nuriyya ko Nuratu, tunda hasken da suke so yana nan, kuma ba wanda zai ji ya yi zaton namiji ne. Ranar suna na je addu'a, na ji an sanar da Nuratu. Ya gaya mini daga baya cewa tsohuwa ta koma Tsafe da farin cikinta, ita kuwa uwar, a cikin ɗaki Nur take kiran 'yarta, kuma ba wanda ya hana ta.

Wallahu a'alam.