Masu cewa PHE kwas ɗin guje-guje ne, ku zo a yi ta ta ƙare

Jama'a, yau dai sai na faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Wanda zai ji haushi ya ji.

A tsakaninmu ɗalibai, da zarar mutum ya ce PHE yake karantawa sai ka ga an fara murmushi ƙasa-ƙasa. Wani ya ce "au, 'yan guje-guje da tsalle-tsalle", wani ya ce "kai dai ka rasa gurbi ne aka jefa ka can". Idan kuwa mace ce, to ta shiga uku, har tambayarta ake yi wai wa zai auri mai digirin buga ƙwallo. Ni ba ɗan sashen ba ne, kada wani ya ce gidanmu nake karewa. Abin da ke ba ni haushi shi ne, masu wannan dariyar malaman gobe ne. Wannan makaranta tamu ta Kontagora tun 1978 take yaye malamai, tun tana kwalejin horar da malamai ta tarayya har ta zama jami'ar ilimi. Mu ne za mu zama hedimastoci da firinsifal-firinsifal a Rijau da Mariga da Wushishi da Magama. Wanda ya raina darasi yana ɗalibi, ranar da aka miƙa masa jadawalin makaranta shi zai fara yankewa.

Kuma an riga an yanke ai. Duk wanda ya je TP ya gani da idonsa. A makarantar da aka tura ni, PHE na nan a jadawali sau biyu a mako, an rubuta shi da kyau a jikin allo a ofis. Amma idan lokacin ya yi, ko dai a ce yara su ɗauki tsintsiya su share harabar makaranta, ko malamin lissafi ya shigo ya ce aro yake yi zai kammala darasinsa. Aron da ba a taɓa biya ba. In an yi sa'a an koyar, sai a cika allo da rubutu: tsawon filin ƙwallo mita kaza, faɗinsa mita kaza, yara su kwafa su haddace su ci jarrabawa. Filin kuwa an gina azuzuwa a rabinsa, sauran rabin ya zama hanyar babura.

Sai sau ɗaya a shekara a tashi da hayaniyar gasar gidaje. A karɓi kuɗin riga a hannun iyaye, a kafa rumfa, a gayyato ɗan siyasa ya zauna a kujerar gaba, yara ashirin su yi tsere, ɗari biyar su yi tafi a rana. A raba bokiti da faranti, a watse. Shi ke nan wai an yi wasanni.

To a nan ne muka kasa gane abin. Mun ɗauka amfanin PHE shi ne ya fitar mana da wani Ahmed Musa. In ya fitar, madalla. Amma shi mai baiwa ko babu malami zai samu hanyarsa, a layi ma zai buga da ƙwallon tsumma har a gan shi. Darasin nan an yi shi ne saboda ɗari biyar ɗin nan masu tafi. Saboda yaron da in ya yi gudun minti biyu sai ya dafe ƙirji, da yarinyar da tun da ta shiga aji ɗaya na sakandare ba ta sake ɗaga ƙafa da sauri ba. Shin ana koyar da Turanci ne don kowa ya zama marubuci? Ana koyarwa ne don kowa zai buƙace shi. Jiki kuma fa? Akwai wanda zai rayu ba da shi ba?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 a kullum na motsa jikin da zai sa numfashinsa ya ɗan hau. Babba kuma aƙalla minti 150 a mako. A wani bincike da hukumar ta fitar a 2019, kashi 81 cikin ɗari na 'yan shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa kaiwa ga wannan ma'auni, kuma abin ya fi muni a wajen mata: kashi 85, maza kashi 78. Yanzu ka kalli ranar ɗan cikin gari. Da safe a ɗora shi a babur zuwa boko, ya zauna kan benci har azahar, ya dawo ya ci abinci ya tafi islamiyya ya sake zama, da dare ya rungumi waya. Ina minti sittin ɗin?

Na san amsar da wasu za su ba ni: "Ai yaranmu suna zuwa gona, suna ɗebo ruwa, wane motsa jiki ya fi wannan?" Gaskiya ne, ɗan ƙauye da ke riƙe da fartanya da damina bai rasa zufa ba. Amma noma ba ya koya maka abin da za ka yi idan ɗalibi ya yanke jiki ya faɗi a gabanka. Kun manta akwai harafin H a tsakiyar sunan, wato lafiya. Su waɗannan da kuke wa dariya, tsarin ƙashi da tsoka suke karantawa, da yadda zuciya da huhu ke aiki, da abinci mai gina jiki, da cututtuka masu yaɗuwa, da taimakon gaggawa.

Bari in gwada ku. Yaro ya yi haɓo a aji, me za ka yi? Yawancinmu ce masa za mu yi ya ɗaga kai sama. Kuskure ne, jinin maƙogwaro zai bi. Zaunar da shi ake yi ya ɗan sunkuyo gaba, a matse wajen taushin hancin kamar minti goma. Mai farfaɗiya ya faɗi fa? Wasu su gudu wai yawunsa na yaɗa cutar, wasu su nemo cokali su tura masa a baki. Duka biyun ba daidai ba ne. Farfaɗiya ba a ɗaukarta, kuma ba a sa komai a bakinsa. A kawar da abin da zai ji masa ciwo, a tallafi kansa, in jijjigar ta lafa a juya shi ta gefe. Ɗan PHE ya san wannan. Kai mai babban kwas, ka sani? Kuma kai ne za a bar wa yara sittin a aji, asibiti mafi kusa sai an yi tafiya a kan babur.

Mu a jihar Neja ma akwai abin da ya fi wannan zafi. Jihar ruwa ce: ga Kainji, ga Shiroro, ga Kwara ta ratsa mu. A watan Mayun 2021 jirgin ruwa ya taso daga ɓangaren Borgu zai je Warra a jihar Kebbi, ya kife, aka yi ta tsamo gawarwaki gommai. Ba shi ne na farko ba, ba kuma shi ne na ƙarshe ba. Ba na cewa iyo kaɗai zai ceci kowa a tsakiyar kogi. Amma yaron da aka koya wa tun firamare amfanin rigar ceto, da yadda ake shawagi a kan ruwa ba tare da firgita ba, da yadda ake ceto numfashin wanda aka tsamo, ba daidai yake da wanda bai taɓa ji ba. A wane darasi za a koyar da wannan in ba wanda muka mayar na shara ba?

Sai batun mata, inda aka fi ɓoyewa a bayan addini. Fisabilillahi, ku daina jingina wa addini lalacinmu. Ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Abin da iyaye ke gudu shi ne tsiraici da cakuɗuwa, kuma suna da gaskiya. Maganinsa a ware wa mata lokacinsu da wurinsu, su sa dogon wando da riga mai yalwa da ƙaramin hijabi, malama mace ta jagorance su. To ina za a samu malamar, alhali duk wadda ta shiga sashen mun sa ta a gaba da gori? Mu muka hana a samu malamai mata, mu ne kuma muke cewa ba za mu bar 'ya'yanmu a hannun namiji ba. Iyayenmu mata sun yi daka da surfe da gaɗa a dandali. Yau inji ya karɓe daka, dandali ya mutu, ba a maye gurbinsu da komai ba. Sannan mu riƙa mamakin hawan jini da ciwon suga.

Wanda kuma zai ce babu kuɗin kayan wasa, don Allah ya rufa mana asiri. Langa nawa ake saye? Ƙafa ɗaya ka kama da hannu, ka yi ta tsalle da ɗayar, minti biyar ya isa ka san kana da huhu. Kuma langar nan da muke gani ta 'yan ƙauye, ana fafatawa a kanta a gasar wasanni ta ƙasa, wadda aka fara a Legas a 1973, tare da dambe da kokawa. Maƙwabtanmu na Nijar tun 1975 suke gasar kokawa ta takobi, ƙasa gaba ɗaya ta tsaya tana sauraro a rediyo. Mu kuwa muna jiran sai gwamnati ta kawo ƙwallon kwando. Ga tsallen igiya, ga 'yar gala-gala, ga tseren buhu. Zafin Kontagora a watan Maris da Afrilu ma ba hujja ba ne, a mayar da darasin farkon safiya.

Mu kanmu fa? Daga hostal zuwa ɗakin lakca sai mun tare ɗan acaɓa. Mu kwana muna musu a kan Arsenal da Barcelona a gidan kallo, amma rabon wani da ya yi gudun mita ɗari tun yana firamare. Ga bariki nan a garin nan, kowa na son kakin, ranar tantancewa kuwa sai an yi gudu, kuma babu takardar da za ta yi maka shi.

Masu fita TP zango mai zuwa, ga roƙona. Ranar farko ku duba jadawali ku ga inda PHE yake. In babu mai ɗauka, ku ce ku za ku ɗauka, ko da Hausa ko tarihi aka tura ku koyarwa. Kafin ku tafi ku samu ɗan sashen ya nuna muku abin da ake yi da ajin yara sittin a minti arba'in, da waɗanda ya kamata a sassauta wa, kamar masu sikila da masu asma. In malamin lissafi ya zo aro, ku ce masa yara suna fili.